Atishawar Labbo Wanzami

A shekarar da aka kafa barikin soja a bayan garin Gusau, can inda gonaki suka ƙare fako ya fara, babu wanda kakarsa ta yanke saƙa kamar Labbo wanzami. Soja ba ya tara suma. Kowace Asabar sai an kwashe kan mutum tal kamar ƙoƙo, in ba haka ba ya gamu da Samanja. Saboda haka da an busa begilar safe Labbo zai rataya zabirarsa, ya nufi wata tsamiya da ke bakin barikin, ya shimfiɗa buzu, ya kama wasa aska.

Yana aski, yana gyaran fuska, yana ƙaho. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa ko za a ɗora masa wuƙa a wuya, wato tsagar jariri. Mutanen Gusau sun ɗauka tausayi ne ya yi masa yawa. Ina! Kunya ce, kuma ta shekara ashirin da takwas.

Labbo haifaffen 'Yankuzo ne, kusa da Tsafe, ɗan babban wanzamin garin. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ciwon ido ya kama ubansa, aka tura shi gidan wani manomi, Sahabi, ya yi wa ɗan farinsu tsagar gidansu, biyar a dama, biyar a hagu. Ya yi tara lafiya lau, har tsofaffi na gyaɗa kai. Yana ɗora aska zai ja ta goma, matan da ke dakan yajin jego a bayan danga suka zuba barkono a turmi. Iska ta kwaso. Labbo ya yi wata atishawa da ta tashi kajin gidan. Aska ta zame ta nufi kunne, garin ya riƙe ta kuma ya ƙara ƙaramin reshe biyu, sai ga ƙafar kaza zane raɗau a kuncin ɗan mutane.

Abin da ya fi ƙona masa rai har gobe shi ne, saboda sabo, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Alhamdu lillahi." Tsakar gida ta yi tsit. Cikin mutum sama da talatin babu wanda ya ce masa yarhamukallahu. Uwar jaririn kuwa, Kulu, da ya kamata ta yi kawaicin ɗan fari ta kau da kai, sai ta fito daga ɗaki da muciya ta bi shi har bakin rijiya. Kafin kwana uku 'yan mata sun sa shi cikin waƙar gaɗa, manya kuma suna kiransa Labbo Atishawa. Tun mikin bai warke ba ya tattara askarsa ya bar garin, bai sake komawa ba. Daga baya fatake suka ba shi labari cewa mahara sun sace yaron a gefen gona yana ɗan shekara bakwai, kuma baƙin ciki ya kashe Sahabi.

To, ana nan cikin kaka, dawa ta fi mutum tsawo, sai wata rundunar soja ta sauko daga sansaninta da ke can arewa cikin hamada, aka ce za su huta a barikin Gusau kafin su koma. Duk sun ƙone sun bushe kamar kilishi. Wata Asabar wani santalelen kofur da ake kira Dogo ya cire jar hularsa ya zauna gaban Labbo. Labbo ya jiƙa masa kai, ya kwashe, ya gyara kuncin dama, ya juya na hagu.

Ga ƙafar kaza. Ta girma tare da mai ita, amma ita ce. Ko a cikin duhu Labbo zai gane aikin hannunsa.

Labbo ya ɗaga aska, ya ce, "Kohur, kai mutumin wane gari ne?"

"Ni mutumin bariki ne, Baba," in ji Dogo. "Ina ƙarami aka ɗauke ni, aka sayar da ni can Azbin, na yi kiwon raƙuma har Turawa suka zo, na shiga soja. Abin da nake tunawa bai taka kara ya karya ba. Wani dutse, sai wata mace mai faɗa in tana daka. Duk garin da muka sauka sai na nuna wa wanzamansu fuskata. Su ƙirga tara su fara gane gida, da sun zo kan wannan karkatacciyar sai su ce ba su san irinta ba."

Ya yi dariya, ya ƙara da cewa an ba shi hutun mako guda, daga nan rundunarsu za ta koma hamada. "Shekara biyu ban ga komai ba sai rairayi. Ina so in ga ganye, in ga ruwa yana gudu, in ci abin da ba a dafa da kashin raƙumi ba. Ka san garuruwan nan?"

"Kamar tahin hannuna," in ji Labbo. "Ni aj jagoranka."

Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, wallahi. Niyyarsa ya kai mutumin nan 'Yankuzo, in Kulu na da rai ta ga ɗanta. Ya lissafa, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, uwa da ɗa su sami kwana uku cur. Washegari da hantsi suka ari jaki suka ɗora masa guzuri. Amma da suka zo mararraba, ga hanyar Tsafe ta yi gabas, Labbo ya tuna muciya, ya tuna waƙar gaɗa, ya kuma dubi damtsen Kofur Dogo. Sai ya ga ƙafafunsa sun yi yamma.

"Bungudu za mu soma," ya ce. "Wanda bai ga Bungudu ba bai ga komi ba."

Allah ya sani, Bungudu ba ta ba shi kunya ba. Tun kafin su shiga gari Dogo ya hango gulbi, ya tuɓe takalmi ya faɗa ciki da kayan jikinsa, yana watsa ruwa yana ihu, mata masu wanki suka rufe baki suna dariya. Ya sha rake har muƙamuƙinsa ya gaji. A marina ya tsaya ya fi sa'a yana kallon yadda ake tsoma farin ƙyalle ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, yana ta cewa a sake ya gani. Da la'asar mahauta suka buɗe dambe, kalangu na tashi, Dogo ya tsuguna cikin 'yan kallo yana yagar tsire, yana jinjina wa duk wanda ya faɗi da wanda ya kayar. Labbo na kallonsa, daɗi na kama shi, zuciyarsa kuma na cizonsa.

A nan ne wani tsohon wanzamin Bungudu, Ma'u, ya gane Labbo ya zo su gaisa. Wanzami kuwa ba ya kallon ido, kunci yake kallo. Ya dubi Dogo, ya karkata kai, ya fashe da dariya.

"Subhanallahi! Samari, wane ɗan koyo ne yay yi maka wanga aiki? Labbo, taho ka ga ɓanna! Wanga ko kaza aka ba aska sai haka."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Labbo ya yi wani tari da bai taso masa ba, ya ce hasken yamma ne ya sa ta yi kamar ta karkace.

Dogo ya shafa kuncinsa, fuskarsa ba dariya. "Baba, kar ka zage ta. Ita kaɗai ce na fito da ita daga gida. Amma wanda ya yi ta, kullum ina roƙon Allah ya haɗa ni da shi ido da ido."

Labbo bai tambayi abin da zai yi masa in sun haɗu ba. Tuwon da aka kawo musu a masauki ma loma uku ya yi ya tsame hannu, shi da aka sani da share akushi.

Kwana biyu suka tafi a kan Bungudu, zuwa da komowa. Rana ta uku suka sake tsayawa a mararrabar nan, Labbo ya ce wa kansa ranar wanka ba a ɓoye cibi, ya ja jaki suka yi gabas.

Da azahar suka iso Kwatarkwashi, inda dutse ya tashi sama ya tsare rabin gari da inuwarsa. Dogo ya ce sai ya hau. Labbo ya bi shi yana haki yana tsine wa gwiwoyinsa, har suka kai wani falalen dutse suka zauna. Mikiyoyi na shawagi a saman kansu. Ƙasa kuwa, iya ganinka gonaki ne, dawa da gero da auduga, ga shanun Fulani fari fat a gefen fadama, ga hayaƙin ƙauyuka. Dogo ya bi su da kallo, can ya ce a hamada in mutum ya hau tudu abin da zai gani wani tudun ne. Ya goge ido da hula, ya ce iska ce.

"Shi ne dutsen da kaka tunawa?" in ji Labbo, murya ƙasa-ƙasa.

"A'a. Wannan ya yi girma. Nawa yana da wani ƙaramin dutse a kansa, kamar mace ta ɗauko tulu."

Labbo ya san dutsen. Yana yaro ya sha farautar gafiya a gindinsa.

Rana ta huɗu suka shiga Tsafe, suka tarar kasuwa na ci. Dogo ya sha fura da nonon da aka kawo daga ruga, ya lashe ludayi, ya ce a ƙara. Ya sayi goro, ya sayi wani zane baƙi mai sheƙi. Labbo ya tambaye shi wa zai ba, ya ce shi ma bai sani ba, kyau ya yi masa. Suna fita ta ƙofar gari, duwatsu suka bayyana a jere, sai Dogo ya tsaya cak a tsakiyar hanya har jaki ya yi karo da shi. Can nesa ga dutse ɗauke da tulunsa.

"Baba Labbo," ya ce, "na san wancan."

Labbo ya ajiye zabira. Ya cire hula. Ya nemi wani kututture ya zauna.

"Kohur, in za ka buge ni, ka bari in ƙare magana tukuna. Sunanka Attahiru. Ubanka Sahabi, Allah shi jiƙan shi. Uwarka Kulu, garinku 'Yankuzo, ga shi can bayan dutsen ga. Ina nan anka raɗa maka suna. Kuma ɗan koyon da Ma'u ka zagi, ni ne."

Ya kwashe labari duka ya faɗa, tun daga ciwon idon ubansa har muciya. Dogo na tsaye bai motsa ba. Da Labbo ya gama, sai ya ga mutumin yana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun ranar Asabar ka sani?"

"Tun ranar Asabat."

"Ka kai ni Bungudu kallon dambe?" in ji Dogo. "Baba, fuskata ba ka ɓata ta ba. Kwana biyu ka ɓata mini. Yanzu in tana da rai, yini ɗaya ke gare ni da ita."

Da mari ya yi, da ya fi wa Labbo sauƙi. Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, don gaskiya ce tsantsa. Can Dogo ya zo ya tsuguna gabansa.

"Atishawa fa ka ce?"

"Atishawa."

"Shekara ashirin ina zaton wata babbar alama ce ta gidan sarauta ko ta mayaƙa. Ashe barkono ne!"

Ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa, yana bugun cinya. Labbo ya fara murmushi cikin hawaye, daga nan shi ma dariyar ta ƙwace masa. Matan da ke komawa gida daga kasuwa suka riƙa ratsewa gefe, suna cewa sojan nan da tsohon nan sun sha wani abu.

Da yake rana ta faɗi, suka koma suka kwana a Tsafe, da sanyin safiya suka kama hanya. Sai dai akwai abin da duk su biyun suka manta. Dogo ya yi wanka, ya sa kakinsa, ya goge maɓallai, ya kafa jar hularsa, don yana so uwarsa ta ga ya zama mutum. A zamanin nan kuwa jar hula a ƙauye ba ta nufin alheri, sai dai kamun masu ɗaukar kaya ko aikin hanya. Wata mata mai itace ta hango su, ta zubar da itacen ta kwasa a guje. Kafin su kai bakin gari, 'Yankuzo ta watse. Maza sun shige dawa, mata sun bi su da goyo, liman ya bar butarsa a ƙofar masallaci, wani makaho ma an ja shi an tafi. Babu abin da ya rage sai awaki, da ƙarar taɓarya guda ɗaya daga wani gida.

Labbo bai buƙaci tambaya ba. Mai dakan tana daka tana faɗa, faɗan kuma da kaji take yi.

Suka yi sallama suka shiga. Wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kanta fari, tana tsaye kan turmi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"In kamu kunka zo yi, ba kowa gidan ga," ta ce. "Wanda za a ɗauka an riga an ɗauke shi tun tuni. Mi yar rage da zan yi ma gudu?"

Sannan ta ɗago, idonta ya sauka kan Labbo. Ta ƙanƙance ido. Ta gyara riƙon taɓarya.

"Kai! Ba Labbo Atishawa ba ne? Ashe kana duniya? Wace ɓanna kaz zo yi kuma?"

"Inna Kulu," in ji Labbo, yana ja da baya har ya jingina da danga, "aikina na kawo miki ki duba. Ki ga ko ya warke."

Dogo ya cire hula, ya durƙusa gabanta, ya juya mata kuncin hagu.

Taɓarya ta faɗi. Kulu ta kama fuskar da hannu biyu ta juya ta wajen haske. Ta bi tsagar da ɗan yatsa tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Da ta zo ta biyar yatsanta ya bi ta har kusa da kunne, ya bi reshe ɗaya, ya dawo ya bi ɗayan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma Kulu ba ta taɓa kira ba ko a ranar da aka sace shi. Ranar nan ta kira. Ta kira shi da ƙarfin da mutanen cikin dawa suka ji, sannan ta rangaɗa guɗa, ta rungume kansa tana kuka tana yi masa faɗa, wai ina ya tsaya, wai dubi yadda ya rame, wai wa ya ce ya yi tsawo haka.

Ɗaya bayan ɗaya mutanen gari suka riƙa leƙowa daga gona, jiki duk ƙaiƙayi. Da labari ya bazu gida ya cika ya tumbatsa. Tsofaffi suka yi layi kowa sai ya taɓa ƙafar kazar nan ya ce shi ma yana nan aka yi ta. Liman ya dawo ya ɗauki butarsa, ya yi addu'a. Attahiru ya ɗauko baƙin zanen Tsafe ya yafa wa uwarsa. Da ya gaya mata gobe da safe zai juya, sai baɗi in ya gama aikin soja zai dawo gaba ɗaya, Labbo ya sake sunkuyar da kai, ya faɗi maganar Bungudu da bakinsa. Kulu ta harare shi.

"Halinka na nan," ta ce. "Amma wadda taj jira shekara ashirin da ɗaya, damina guda ba ta kashe ta. Ku kama min ɗan akuyan can!"

Aka yanka, aka hura wuta, mata suka kafa turame. Labbo ya nemi wani lungu kusa da rumbu ya rakuɓe, yana kallon uwa da ɗa a tabarma ɗaya, tana tura masa ƙwarya yana cewa ya ƙoshi tana cewa ƙarya yake. Daɗi ya cika shi har wuya, irin wanda bai ji ba tun yana saurayi.

Sai matan suka zuba barkono a turmi. Iska ta kwaso.

Labbo ya ji ta tana tahowa. Ya toshe hanci, ya cije leɓe, ya runtse ido, ya roƙi Allah da sunayensa. Ba ta saurare shi ba. Ta fito da ƙarfin da ya tashi kaji daga kan danga.

Tsakar gida ta yi tsit, kamar wancan karon. Kowa ya juyo. Labbo ya dubi ƙasa, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Kulu ta miƙe, ta gyara sabon zanenta, ta tako har gabansa.

"Yarhamukallahu, Labbo," ta ce.